Babi na Bakwai: Kiwo da Wasa Tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka

Wanda ya bar babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci ya miƙa yamma, Anka zai fara tararwa, inda sarautar Zamfara ta zo ta zauna bayan Gobirawa sun ci tsohon Birnin Zamfara a ƙarni na 18. In ya ci gaba zai ratsa ƙasar Bukkuyum, ya wuce Daki Takwas inda hanyar Zuru ta ɓalle kudu, sannan ya sauka Gummi, garin su Shaikh Abubakar Mahmud Gumi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, sai ɗan tudu nan da can. Gulbin Zamfara ya bi ta arewacinta, Gulbin Ka ya bi ta kudu, dukansu suna gangarawa Jihar Kebbi. Tsakanin gulaben nan biyu akwai fadama, akwai jigawa, akwai dazuzzuka irin na Gando da Bagega da Zugu. Duk abin da saniya take so Allah ya tara shi a wuri ɗaya.

Yawancin abin da za a faɗa a wannan babi, yadda ake rayuwa ne kafin daji ya lalace. Wani abin yana nan har yau a rugagen da suka matso kusa da gari, wani kuwa sai a bakin dattawa.

Ranar makiyayi tana farawa kafin ta manomi. Da an sallame asuba sai a nufi garke. Maruƙa sun kwana a ɗaure jere a jikin dangwali, igiya guda doguwa mai maɗauri da yawa, kowanne da gurbinsa, kuma kowanne ya san gurbin nasa. Yaro zai kwance guda ɗaya, maraƙin ya ruga wajen uwarsa ya kama tsotso yana tunkuɗar hantsa da kai. Ana barinsa har nono ya sauko, sai a janye shi a ɗaure kusa da ƙafarta ta gaba inda za ta riƙa lasarsa. Mai tatsa ya tsuguna, ya matse ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa, ya kama ja da hannu biyu. Ƙarar nonon a busasshiyar ƙwarya daban take da ƙararsa in kumfa ta taso, kuma ƙwararre da kunne yake gane lokacin da zai tsaya ya bar wa maraƙi rabonsa. Shanunmu masu tozo, Bunaji farare da Gudali masu gajeren ƙaho da jajayen Rahaji, ba sa sakin nono in ba ɗansu a gabansu. Abin da ake samu ma ba yawa gare shi ba, lita ɗaya zuwa biyu daga saniya guda in da wadatar ciyawa, da rani kuwa abin da zai jiƙa fura kawai. Wanda ya yi haɗamar tatsa bana, shi zai ga ƙanjamammen maraƙi baɗi.

A wasu rugage maza ne ke tatsa, a wasu mata, amma ko wa ya tatsa, nonon na mace ne. Ita za ta ajiye ya kwana ya zama kindirmo, ta kaɗa ta fitar da mai, ta dunƙula shi ƙanana ta jefa cikin tsala ya riƙa yawo a sama. Kafin rana ta take, ta jera ƙorai a kai ta rufe da faifai ta kama hanyar gari. Kuɗin da ta samo ba a tambayarta lissafinsu. Da su take sayen gishiri da kanwa da sabulu da ɗankunne, a da ma musaya take yi, ludayin nono kaza da tiyar gero kaza. Masu tsara wa makiyaya sabuwar rayuwa daga ofis sukan manta da wannan. Duk shirin da zai kwashe madara zuwa masana'anta ya miƙa kuɗin ga maigida, ya karɓe wa matan ruga jarinsu ne ba tare da ya sani ba.

Ba a sakin shanu da sassafe a damina, sai raɓa ta ɗan bushe, domin makiyaya sun daɗe da lura cewa jiƙaƙƙiyar ciyawar safe tana jawo tsutsar ciki da gudawa. Kafin nan ana cire kaska, ana duba kofato, ana shafa wa mai kirci magani. Da hantsi sai garke ya tashi. Samari a gaba da baya, kowa da sanda a wuya ya rataya hannuwa a kanta, da malafa, da goran fura. Uba yana tsaye bakin garke yana kallon kowace saniya tana wucewa. Ba ya ƙirga su da baki, wasu ma suna ganin ƙirgar ba ta da kyau, amma in ɗaya ta ɓace zai faɗi wadda ce, har uwarta da kakarta. In ya ga wata tana ɗingishi sai ka ji ya ce wa ɗan ƙanensa, «Kai, bar wannan gida yau.» Yaron ya amsa, «To, Baffa,» ya kore ta gefe. Iyakar maganar safiyar ke nan.

Yaro ba ya shiga wannan aiki da rana ɗaya, kuma ba wanda yake zaunar da shi ya karanta masa. Da wasa yake shiga. Tun yana ɗan shekara huɗu ko biyar yake cuɗa lakar bakin tafki ya ƙera shanu, ya ɗora musu tozo, ya soka ƙayar aduwa a madadin ƙaho, ya kewaye su da shingen tsinke. Duba garken lakar nan da kyau, za ka ga ba shirme ba ne. Bijimi ɗaya ne, shanun tatsa sun fi yawa, maruƙa suna gefe a jere. In wani yaro ya ƙera bijimai biyar a garke ɗaya, 'yan uwansa dariya za su yi masa. Daga nan sai a ba shi tsaron maruƙa da awaki a kusa da gida, sannan in ya kai goma ko sha biyu ya bi yayyensa daji.

A dajin nan ne ake ainihin shaƙatawa, domin kiwo aiki ne mai dogon jira. Da rana ta take, shanu sun sha ruwa sun kwanta ƙarƙashin marke ko kirya suna tuƙa, balbelu suna zagaye su, carki yana bin bayansu yana cirar kaska. Makiyaya su ma sai su sami inuwa. Wani ya fito da sarewar da ya fafe daga karan dawa. Wasu biyu su share ƙasa su tona gurabun dara talatin, wannan ya ɗauki tsinke goma sha biyu, wancan ya ɗauki tsakuwa goma sha biyu, su duƙufa, kowa yana neman jera uku ya ci na abokinsa. Ƙanana su bazu neman abin da lokaci ya kawo: ɗinya da tsada da kaɗanya da damina, magarya da kanya da taura in sanyi ya shigo. Mai danƙo ya bi kurciya da fakara. In an yi sa'a kare ya tayar da zomo ko an tono gafiya, sai a hura wuta a babbake nan take, a raba har wanda bai yi gudu ba. Kowane wasa a cikin waɗannan yana koyar da wani abu. Mai hawa kanya yau shi zai hau kawo da madobiya da bazara ya sassabo wa shanu ganye sa'ad da ƙasa ta zama fako. Mai bin sawun zomo shi zai bi sawun karsanar da ta ɓace.

Gulbi kuwa shi ne babbar makaranta. Da rani Gulbin Zamfara yakan janye ya bar yashi mai faɗi da guraben ruwa nan da can, wani wurin sai an tona yashin kafin shanu su sha. A kan yashin nan ake kokawa da langa, domin faɗuwa ba ta da zafi. Da damina kuma ruwan yakan cika ya tumbatsa, kamar yadda mutanen Gummi suka gani a ambaliyar Agustan 2024 da ta rushe gidaje masu yawa. Ƙetare irin wannan ruwa da garke ba aikin rago ba ne. Ana sa saniyar da ta saba a gaba, makiyayi ya naɗe rigarsa a kai ya shiga yana kiranta, sauran su biyo sai hanci da ƙaho kake gani. Ba a nufar tsallake kai tsaye, ana bin ruwan a karkace a fita can ƙasa inda gaɓa ba ta da tsayi. Yaron da iyonsa bai nuna ba sai ya kama wutsiyar wata babba ta ja shi. Duk iyon da ya yi ta yi da tsakar rana yana tsere da abokai, ranar nan yake cin amfaninsa.

Kaka ita ce lokacin da ƙasar gaba ɗaya take buɗewa. Duk tsawon damina shanu suna nesa da shuka, suna bin burtali daga mashekari zuwa makiyaya zuwa mashaya, kuma in sun yi ɓarna ardo da mai gari su zauna a kimanta a biya. Amma da an yanke gero, an kwashe dawa da wake, sai a sanar cewa an saki gonaki. Garkuna su shigo su ci kara da ragowar harawa. Manomi ne ma yake zuwa ya roƙi Bafulatani ya zo ya sauka a gonarsa, shanu su kwana can mako biyu ko wata guda suna zuba taki, ana matsar da makwancinsu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ladan haka damin dawa ne ko na gero, wani lokaci har da tuwon dare daga gidan mai gona. Da yawan Hausawan gari kuma suna da 'yan shanunsu a hannun wannan Bafulatanin, amana, ba takarda ba shaida.

Rumbu ya cika, shanu sun yi ƙiba, dare ya yi sanyi, ga farin wata. Sai kiɗa ya tashi. 'Yan kokawa su riƙa bin garuruwa, kuma mutanen kudancin Gummi da Bukkuyum suna maƙwabtaka da Dakarkarin ƙasar Zuru, waɗanda kowa ya san ba a raina su a wannan fage. Dambe kuma asalinsa wasan mahauta ne, wato mutanen da suke sayen saniyar Bafulatani a kara su yanka. Ƙasar Zamfara da Sakkwato ce ta fitar da Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa har sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. In rani ya tsaya, mafarauta su buga gangi su fita da karnuka, su ne irin mazajen da Kassu Zurmi yake zugawa. Da bazara kuma, in Sarkin Ruwa ya ba da izini, gari guda ya faɗa gurbin gulbi da homa da gora a yi su. Ba sai an je Argungu ba, can dai an fi taro ne da 'yan kallo.

Na Fulani shi ne sharo, wanda wasu ke kira shaɗi. Ana yinsa ranar kasuwa a bayan gari, ko a bikin aure da na suna, ko da salla. Samari su yi kitso su sha ado, 'yan mata su kewaye fili, makaɗa su saki kiɗa. Saurayi ya fito tsakiya ba riga, ya ɗaga hannuwa sama, sau da yawa da madubi a hannu yana kallon fuskarsa. Sa'ansa daga wani dangi ya zo da tsumagiyar tsamiya yana zagaya shi, ya ɗaga kamar zai sauke ya fasa, ya sake ɗagawa ya fasa, har sai hankalin kowa ya tashi, sannan ya zabga masa a haƙarƙari. Fata takan tsage. Abin da ake kallo shi ne fuska: kada ya motsa, kada ya yamutsa, in da hali ma ya yi murmushi ya yi kirari. Akwai manya a tsaye masu lura kada bulala ta sauka inda bai kamata ba, kuma wanda ya yi duka ya san za a rama a kansa, ko yau ko a wani taron. Malamai sun daɗe suna sukar wasan, kuma suna da hujja, domin an sha samun munanan raunuka har da rasa rai. Ni dai ba na cikin masu kukan ɓacewar bulalar. Abin da nake ganin an yi asara shi ne filin. A nan ne saurayi yake nuna jarumtarsa a gaban dattawan da za su iya tsawata masa, da makami wanda bai wuce reshen itace ba, kuma da rana ta faɗi kowa ya koma garkensa.

Yau in ana maganar kiwo a Abuja, misalin da ake kawowa shi ne killatattun gandayen shanu na Amurka, a filayen ciyawa na Teksas da Kansas da Nebraska. Su ma can da farko sake ake yi, makiyaya a kan dawaki suna kora garkuna ɗaruruwan mil zuwa tashar jirgin ƙasa. Wata doka ta 1862 ta bai wa duk mai son noma eka 160. A 1874 wani manomi, Joseph Glidden, ya yi rajistar waya mai ƙaya, shinge ya yi arha, aka kama kewaye fili. An yi rigingimu har da kashe-kashe tsakanin masu shinge da masu sake, sannan sanyin 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu masu ɗimbin yawa, kiwon sake ya durƙushe. Abin da ya maye gurbinsa shi ne gandu mai shinge, inda ƙasa da ruwa da shanu duk na mutum ɗaya ne, da takardar mallaka, da rijiya, da ciyawar da aka yanka aka tara. Wasanninsu ma daga aikin suka fito, jifan maraƙi da igiya da hawan doki mai tutsu, har suka zama gasa ta kuɗi. Bambancin shi ne a yammacin Zamfara mai shanu ba shi da ƙasa, mai ƙasa kuma ba shi da garke. Ba fili suka raba ba, lokaci suka raba: damina ta manomi, rani na makiyayi, a kan gona ɗaya.

Wannan rabo ya fara warwarewa tun kafin a ji ƙarar bindiga. Takin zamani ya rage wa kashin shanu daraja. Manomi ya sayi shanun huɗa da na amalanke, don haka kara da harawa suka zama abin tarawa a kan itace ko a sayar, ba abin bari a gona ba. Injin ban-ruwa ya shiga fadama, albasa da tumatir da shinkafar rani suka tsaya a inda shanu suke sauka su sha. Jama'a ta ƙaru, burtali ya riƙa tsukewa kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe wurare, amma da yawansu ba a tabbatar da iyakarsu a hukumance ba, kuma bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 an yanka sassan dazuzzuka da makiyayu an raba wa masu hali su noma. Ga kuma tarar da ake ɗora wa makiyayi a gaban hukuma, wadda sau da yawa takan ninka ɓarnar da shanunsa suka yi. A watan Maris na 2000, watanni kaɗan bayan ƙaddamar da shari'a, an yanke hannun wani mutumin Jangebe saboda satar saniya. Shekara goma sha biyar bayan haka, garke guda ake korawa da rana tsaka.

Zinariya ta ƙara nata. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu, kuma Bagega sai a 2013 aka share mata ƙasa. Tun kafin yara su fara suma, mutanen wasu ƙauyukan sun lura agwagi sun ƙare. Tafkunan da ake wanke garin dutse a cikinsu, su ne dabbobi suke sha. Samari da yawa, na gari da na ruga, sun ajiye fartanya da sanda sun faɗa rami.

Abin da ya biyo baya sananne ne, kuma ba ɓangaren da hannunsa yake da tsabta. An fara da sace shanun Fulani, 'yan sa-kai suka tashi suna kashe wanda suke zargi har a tsakiyar kasuwa, wasu 'ya'yan Fulani suka shige daji suka ɗauki bindiga, suka koma cin ƙauyukan Hausawa da rugagen 'yan uwansu baki ɗaya. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya ƙiyasta an kashe sama da mutum 6,000 daga 2011. A Satumban 2021 aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, aka katse layukan waya. A farkon Janairun 2022 aka far wa jerin ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, mazauna wurin suka ce sun binne kusan mutum 200, gwamnati ta ce 58. Makiyaya masu yawa sun kwashe abin da ya rage musu sun yi kudu, wasu har Jamhuriyar Benin da Ghana. Wasannin ba wanda ya yi shelar mutuwarsu. Ba mai kai yara gulbi da tsakar rana, ba mai buga gangi ya tara maza da makamai su shiga daji, kuma taron samarin Fulani a bayan kasuwa yanzu abin firgita ne ga mai kallo da mai yi.

Shanu dai ba su ƙare a ƙasar ba, sun shigo gari ne. A Gummi da Anka da Nasarawar Burkullu za ka ga bijimai a turke cikin gida ko a ƙofar gida, ana ba su dusa da ƙaiƙayi da harawa da 'ya'yan gawo wata uku ko huɗu, a sayar gab da salla. Yaro yakan fita da keke ko amalanke ya yanko ciyawa iyakar inda ake jin kiran sallar gari, ya dawo ya tafi filin ƙwallo. Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo a 2024, ana ta maganar killace dabbobi. To a nan rashin tsaro ya riga ya killace su, ba waya mai ƙaya, ba rijiya, ba takardar fili. Ko wannan kiwon turke yana fitar da mai shi, lissafi ne da ya dogara da kuɗin buhun dusa da na damin harawa a watan da ciyawa ta ƙare, kuma da shi babi na gaba zai fara.